Marigayi Richard Herrnstein, Masanin Halayyar Zaɓi

An haifi Richard Herrnstein a birnin New York na ƙasar Amurka a 1930. Ya yi karatu a Jami'ar Harvard a hannun shehun malami B. F. Skinner, ya sami digirin dakta a 1955.

A 1961 ya buga sakamakon gwajin da ya fito da sunansa. Ya sa tantabaru cikin akwati mai maɓallai biyu, kowanne na sakin hatsi jefi-jefi in an sare shi. Sai ya tarar tantabara ba ta liƙe wa guda, tana raba saranta ne gwargwadon abin da kowanne ke bayarwa. Da aka gwada mutane, aka ga sau da yawa haka suke yi, tamkar falken da ke raba kayansa tsakanin kasuwar Bodinga da ta Shagari gwargwadon ciniki.

Daga baya ya nuna cewa ɗan Adam yakan bi ribar da ke gabansa, ko da za ta jawo masa hasara nan gaba.

Ya rasu a 1994, shekarar da littafinsa da Charles Murray kan basira da launin fata ya fito, ya kuma sha suka ƙwarai daga masana.