Marigayi Malam Aminu Kano (1920-1983): Malamin da Ya Nemo wa Mata Haƙƙinsu Daga Cikin Littafi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Duk ɗan Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni da ya zo gida ganin dangi, daga Legas ko Abuja ko Fatakwal, da wuya ya koma bai bi ta gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya ba. An kafa wannan asibiti a shekarar 1988, wato shekara biyar bayan rasuwar mai sunan. 'Ya'yanmu da suka tashi a wasu garuruwa sun san sunan Malam a jikin asibiti da filin jirgin sama, wasunsu kuma sun ji cewa shi ne jagoran talakawa. Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika faɗa musu ba, shi ne gwagwarmayar da ya yi a kan ilimin mata da 'yancinsu, da yadda ya kafa hujjarsa da Alƙur'ani da Sunna a zamanin da masu ja da shi su ma da addinin suke kafa tasu hujjar.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Malam Aminu ranar 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, Bafillace ne daga zuriyar Gyanawa waɗanda aka sani da malanta da alƙalanci, kuma ya yi mufti a kotun alƙali. Mahaifiyarsa, Rakiya, wadda ake yi wa laƙabi da Mambayya, ita ma mai karatu ce, kuma a wurinta ya fara koyon Alƙur'ani. Ta rasu yana ɗan shekara shida, sai kakarsa Halima ta ci gaba da riƙonsa da karantar da shi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin yaron da ya ɗauki harafin farko daga bakin mata biyu ba zai yarda idan ya girma a ce masa ilimi bai kamaci mace ba.

Ya shiga elementare ta Shahuci a 1930, ya wuce Midil ta Kano a 1933, sannan Kwalejin Kaduna, inda ya gama a 1942. Tun yana ɗalibi ya fara rubuta wasannin kwaikwayo masu zolayar zalunci da cutar talaka. Da ya gama aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi, inda ya zauna da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Sa'adu Zungur. Zamansa da Malam Sa'adu, wanda masani ne ƙwarai a fannin addini, ya ƙara masa ƙarfin gwiwar auna kowace al'ada da ma'aunin shari'a. A 1946 ya tafi Jami'ar Landan ƙaro ilimin koyarwa. Bayan dawowarsa ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, aka kuma tura shi shugabancin makarantar horon malamai ta Maru, wadda a yau take cikin Jihar Zamfara. A ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta na wannan shekara, kuma ya zama shugabanta a 1953.

Halin da Ya Tarar da Mata

A wancan zamani 'yan mata ƙalilan ne ke zuwa makarantar boko, duk da cewa an buɗe makarantun mata a Kano da Katsina tun 1930. A makarantar allo ma yarinya takan tsaya ne a 'yan surorin da za ta yi salla da su, sai talla, sai aure tana shekara goma sha biyu ko sha uku, sau da yawa ba tare da an nemi yardarta ba. Idan ta shiga kulle kuwa, karatu ya ƙare ke nan. Mata da yawa ba su san cewa sadaki nasu ne ba, ba su san rabonsu na gado ba, ba su kuma san cewa shari'a ta ba su damar kai ƙara gaban alƙali ko neman hul'i idan zama ya gagara ba. Duk wanda ya ɗaga murya a kan haka sai a ce yana son kawo ɗabi'ar Nasara.

A nan ne hikimar Malam Aminu ta bayyana. Ya yi karatu a Ingila, ya ga matan can suna jefa ƙuri'a, amma ya san cewa wannan ba hujja ba ce a zauren malamin Kano. Saboda haka sai ya koma ga littattafan da abokan jayayyarsa suka yarda da su. Ya riƙa tunatar da jama'a cewa neman ilimi wajibi ne a kan kowane Musulmi, namiji ko mace, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa, a littafinsa Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ga kuma misalin Nana Asma'u 'yar Shehu (1793-1864), wadda ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke bin ƙauyuka suna karantar da mata. Da wannan ya nuna cewa abin da ake kira sabon abu tsohon gadon jihadi ne da aka yi sakaci da shi. Haƙƙin mallakar dukiya ma, wanda Musulunci ya ba matar aure tun farkonsa, matan Ingila ba su same shi cikakke ba sai a 1882.

Bai tsaya ga magana ba. A farkon shekarun 1950 ya buɗe makarantar Islamiyya a Kano, irin wadda ke haɗa karatun addini da tsarin aji da allon bango, aka kuma ɗauki 'yan mata a ciki. Tafsirin da ya riƙa yi da azumi ya zama wata makarantar, inda yake fassara ayoyin adalci da amana da zaman aure da Hausar da kowa zai gane.

Batun Ƙuri'ar Mata

Jam'iyyar NEPU ta nemi a ba matan Arewa damar zaɓe, ta kuma kafa reshen mata. Jam'iyyar NPC mai mulki ta ƙi, bisa dalilin cewa lokaci bai yi ba, kuma abin ya saɓa wa al'ada da ra'ayin mafi yawan mazan yankin. Don haka a zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu suka jefa ƙuri'a, na Arewa suna gida. Abin lura shi ne, a Masar, ƙasar Jami'ar Azhar, mata sun sami wannan dama a 1956. A wannan shekarar kuma dokar da Faransa ta yi wa ƙasashen da take mulka ta ba kowane baligi damar zaɓe, har da 'yan'uwanmu Hausawa mata na Maraɗi da Damagaram. Addini ɗaya, harshe ɗaya, mazhaba ɗaya, amma iyakar da Turawa suka shata ta sa hukunci ya bambanta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa siyasa da al'ada sun fi yawa a cikin lamarin.

Matan da suka amsa kiran NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu. Da yake matan aure suna kulle, duk macen da aka gani a taron siyasa sai a kira ta karuwa, ko da kuwa mutuniyar kirki ce, kuma da wannan kalma guda aka rufe bakin mata masu yawa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya (1933-2001), shugabar matan NEPU, ta sha duka da ɗauri sau da dama, har da wanda aka yi mata a Kano saboda ta zo tana wayar da kan mata. Shi ma Malam an sha jifansa da cewa yana son lalata tarbiyya da raba mata da gidajensu. A 1956 Malam Isa Wali, ɗan Walin Kano Sulaimanu, ya rubuta jerin maƙaloli a Gaskiya Ta Fi Kwabo a kan matsayin mata a Musulunci, inda ya taɓo kulle da auren mace fiye da ɗaya da ilimi, abin da ya tayar da muhawara mai zafi a faɗin Arewa. Ke nan Malam Aminu ba shi kaɗai ba ne, sai dai shi ne ya ɗora batun a kan dandalin siyasa, duk da sanin cewa matan da yake karewa ba su da ƙuri'ar da za su saka masa da ita.

Sauran Rayuwarsa

An zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1959, ya rasa kujerar a 1964. A gwamnatin Janar Yakubu Gowon ya riƙe kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, sannan na lafiya daga 1971 zuwa 1974. Allah Ya nuna masa abin da ya daɗe yana nema, domin a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a, shekara ashirin bayan na Maraɗi, kuma tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da haka tare da haramta nuna bambanci saboda jinsi. A zaɓen 1979 matan Kano sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu. Jam'iyyarsa ta PRP ta ci kujerar gwamna a Kano da Kaduna, shi kuma ya lashe Jihar Kano a takarar shugaban ƙasa, ko da yake Alhaji Shehu Shagari ne ya yi nasara a ƙasa baki ɗaya. Gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta jiha a 1980, matan aure da dama suka sami shiga ajin manya.

Ƙarshen rayuwarsa bai rasa ɗaci ba, domin PRP ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, har ya raba gari da gwamnonin da ya tsayar. Duk da haka, da zaɓen 1983 ya gabato sai ya ɗauki mace, Uwargida Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa a takara. Bai ga zaɓen ba. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62, aka binne shi a gidansa na Gwammaja. Gidan yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero, ana kuma kiransa Gidan Mambayya, wato da laƙabin matar da ta fara ɗora shi a kan karatu.

Abin da Ya Rage Mana

Ya 'yan'uwa, a yau babu lungun Tarauni ko Gyaɗi-Gyaɗi da ba a ganin matan aure suna tafiya Islamiyya da littattafansu, kuma 'ya'yanmu mata sun zama likitoci da lauyoyi da malaman jami'a. Abin da aka ɗaure mutane a kansa jiya ya zama ruwan dare. Amma da sauran rina a kaba. Har yanzu ana cire yarinya daga aji don talla, ana sakin mace a kore ta da 'ya'ya ba ciyarwa, kuma tun da filaye da gidajen unguwanninmu suka yi tsada, an sha ganin 'yan'uwa maza sun riƙe gidan gado shekara da shekaru, ko su sayar su ba 'yan'uwansu mata abin da suka ga dama. Galibi mu mazauna birane, masu ilimi da hali, mu ake jira mu yanke magana idan irin wannan ta taso a dangi. Ma'aunin da Malam Aminu ya bari mai sauƙi ne: idan aka ce addini ne ya hana mace wani abu, a nemi a ga aya ko hadisi, idan kuma addini ya ba ta wani abu, a miƙa mata shi cikakke.

Allah Ya jiƙan Malam Aminu Kano da rahama, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya jiƙan iyayenmu mata da suka yi haƙuri da mu, Ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙin da ke wuyanmu kafin ranar da za a tambaye mu. Amin.