Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Hijirarsa daga Degel zuwa Gudu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

An haifi Mujaddadi Shehu Usmanu, Allah Ya ƙara masa yarda, a shekarar 1754 a Maratta kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yau. Ya tashi a Degel ta ƙasar Gobir, ya yi karatu wurin malamai da dama, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ya riƙi ɗariƙar Ƙadiriyya, kuma ya fara wa'azi yana ɗan shekara 20.

Ya 'yan'uwa, Shehu bai yi gaggawar barin Gobir ba. Kusan shekara 30 ya yi yana karantarwa a ƙarƙashin sarakunan da bai gamsu da mulkinsu ba. Da Sarki Bawa Jangwarzo ya miƙa masa kyautar zinariya a filin Idi na Magami, sai ya ƙi karɓa. Maimakonta ya nemi a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Muddin ƙofar kira na buɗe, haƙuri ya zaɓa.

Al'amari ya sauya a zamanin Nafata, wanda ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu, ya hana rawani da lulluɓi, ya umarci wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa. Da Yunfa ya hau, sai aka auka wa jama'ar Abdussalami a Gimbana, aka kama musulmi bayi. Daga nan Yunfa ya aiko cewa Shehu ya fita shi da iyalinsa kaɗai. Shehu ya ƙi rabuwa da jama'arsa. A watan Fabrairu 1804, wato Zulƙida 1218, suka tashi tare zuwa Gudu, littattafansa a bayan raƙumi. A can aka yi masa mubaya'a. Alkalawa ta faɗi a 1808, shi kuwa ya rasu a Sakkwato a 1817.

Ga ma'aunin da ya bar wa muridi: ƙuncin zama kaɗai bai isa dalilin tashi ba, domin sau da yawa shi ne tarbiyyar rai. Amma idan zama ya fara cin addinin mutum, ko ya zama sai ya yasar da waɗanda ke wuyansa, to lokaci ya yi. Wanda ke tunanin barin gari, ko sana'a, ko abokan zama, ya tambayi zuciyarsa: son rai ke kora ta, ko tsare addini? Ya yi istihara, ya shawarci shehinsa, kuma kada ya bar raunana a baya.

Allah Ya ba mu albarkacin bayinSa na gari. Amin.