Nana Asma'u, Malamar Da Ta Kai Karatu Ga 'Yan Matan Karkara

An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Degel a shekarar 1793. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, ta kuma yi wallafa da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Bayan jihadi, ƙauyuka sun cika da matan da ba su taɓa zama gaban malami ba, ga shi matan aure ba su da damar doguwar tafiya neman ilimi. Dabarar da ta ɓullo da ita, wato 'Yan Taru, ta fi littattafanta nisan zango. Takan zaɓi dattijuwa mai mutunci ta naɗa ta jaji, sunan jagoran ayarin fatake, ta ba ta malfa da jan rawani. Jajin ce ke rako 'yan mata da tsofaffi zuwa Sakkwato, su haddace waƙoƙin Nana kan tauhidi da tsarki da kyawawan ɗabi'u, sannan su koma gida su koyar da waɗanda aure ya tsare.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ce ta ci gaba da karɓar jajoji.