Paul Flechsig: Likitan da ya gano yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma

An haifi Paul Flechsig a Zwickau ta ƙasar Jamus a 1847, ya zama likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Leipzig.

A zamanin da babu na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, yakan rina ƙwaƙwalwar jariran da suka rasu, ya duba ta da madubin likita. Ya gano cewa farin kitsen da ke lulluɓe jijiyoyi, mai hanzarta saƙo, ba lokaci guda yake cika ba. Sassan gani, ji da motsi ne kan fara samu, na tunani daga baya.

Ya rasu a 1929. Hotunan MRI na yau sun gaskata shi: sashen goshi mai yanke shawara kan wuce shekara 20 bai gama nuna ba. Abin lura ne ga iyayen da ke saurin yanke wa matashi hukunci.