Tarihin Rabaran Byang Kato na Kwoi

Jama'a, mu mazauna Zonkwa ya kamata mu san manyan mutanen maƙwabtanmu. An haifi Byang Kato a Kwoi, ƙasar Jaba, a 1936. Mahaifinsa ya so ya gaje shi wajen tsafin gargajiya, amma yaron ya shiga makarantar mishan, ya karɓi addinin Kirista yana ɗan shekara 12. Ya sha duka a gida, har abinci aka hana shi. Addu'a da karatun littafinsu suka riƙa sanyaya masa zuciya, ya daure, daga baya iyayen ma suka bi shi.

Ya yi karatu a Igbaja da Landan da Dallas ta Amurka. A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, ya zama babban sakataren ECWA. Ranar 19 ga Disamba 1975 ruwa ya ci shi a teku kusa da Mombasa ta Kenya, yana da shekara 39.

Aƙidarmu daban da tasa, wannan ba ɓoyayye ba ne. To amma mu da muka ga tashin hankalin 2011 a garin nan, ai mun san yadda dogaro ga Allah ke riƙe mutum ranar wuya. Allah Ya zaunar da mu lafiya, amin.