Waliyi Nikolas na Mira, Bishof da Ya Rufa wa Talakawa Asiri

A ranar 6 ga Disamba ta kowace shekara, sa'ad da muke shirin bikin haihuwar Ubangijinmu, Ikkilisiyar Katolika takan tuna da Waliyi Nikolas, Bishof na Mira. Yara da dama a Dutse sun san hoton tsohon nan mai farin gemu da jar riga, wanda ake kira Baba Kirsimeti, amma kaɗan ne suka san cewa asalinsa wani bawan Allah ne da ya rayu fiye da shekara 1,600 da suka wuce. Ya kamata iyaye su san labarinsa, gama da sunansa ne al'adar ba yara kyauta a wannan lokaci ta bazu cikin duniya, ga shi kuwa irin kyautarsa ta sha bamban da wadda muka saba da ita.

An haifi Nikolas wajen shekara ta 270 a Patara, wani gari mai tashar jiragen ruwa a yankin Likiya, cikin ƙasar da ake kira Turkiyya a yau. Littafin Ayyukan Manzanni ya ambaci Patara da Mira cikin garuruwan da Manzo Bulus ya ratsa. Bisa ga labarin da Ikkilisiya ta gada, iyayen Nikolas Kiristoci ne masu wadata, kuma annoba ta ɗauke su tun yana saurayi, suka bar masa dukiya mai yawa. Maraya mai gādo bai rasa abokai, amma shi ya ɗauki dukiyar nan a kan amana ce daga wurin Allah.

A garin akwai wani mutum da ya taɓa yin arziki, daga baya ya tsiyace. Yana da 'ya'ya mata uku da suka isa aure. A al'adar ƙasar, uban amarya ne ke haɗa 'yarsa da dukiya zuwa gidan miji, kamar yadda a nan ƙasar Hausa kayan ɗaki da gara suke a wuyan iyayen amarya. Da yake ba shi da ko anini, babu wanda ya zo neman aurensu, har baƙin ciki ya kai shi ga tunanin tura su karuwanci domin gidan ya sami abinci. Da Nikolas ya ji, sai ya ƙulle zinariya a tsumma, ya jira dare ya tsala, ya jefa ta tagar gidan, ya yi tafiyarsa. Da wannan aka aurar da babbar. Ya sake yin haka domin ta biyu. A karo na uku uban ya kwana yana fako, ya bi shi a guje har ya kama shi. Nikolas ya roƙe shi kada ya faɗa wa kowa, ya mai da godiyarsa ga Allah kaɗai.

Sai mu lura da yadda ya yi wannan alheri. Ya fara binciken inda ciwon yake, ya ba da abin da ya isa ya warkar da shi, kuma ya zaɓi duhu domin kada mai gida ya sunkuyar da kai a gaban maƙwabta. Koyarwar Yesu ke nan a sura ta 6 ta Bisharar Matiyu game da yin sadaka a ɓoye.

Bayan haka aka zaɓe shi Bishof na Mira, garin da ake kira Demre a yau. Zamanin kuwa mai wuya ne. A shekara ta 303 Sarkin Rum Diyokilitiyan ya ƙaddamar da tsanani mai zafi a kan Kiristoci, aka rushe majami'u, aka ƙone Littattafai Masu Tsarki. Tsofaffin marubutan rayuwarsa sun ba da labarin cewa an jefa Nikolas a kurkuku, bai kuwa yi musun bangaskiyarsa ba, har zamanin Sarki Kustantin, wanda a shekara ta 313 ya amince da 'yancin addini. Sunansa yana cikin waɗansu jerin sunayen bishof-bishof da suka halarci Majalisar Nikiya a shekara ta 325.

Kujerar bishof ba ta sāke halinsa ba. An ba da labarin wata shekara da aka yi yunwa a Likiya, sai ga jiragen ruwa ɗauke da alkama daga Iskandariya ta Masar sun tsaya a tashar Mira. Nikolas ya sauka bakin teku da kansa, ya yi ta roƙon matuƙan har suka sauke wani kaso, aka ciyar da gari, aka kuma sami iri na shuka. Wata rana kuma ya ji an yanke wa mutum uku marasa laifi hukuncin kisa saboda an ba mai mulki toshiya. Ya garzaya filin, ya ƙwace takobi daga hannun hauni, sa'an nan ya tsawata wa mai mulkin a fuskarsa. A nan babu zinariya, da ƙafarsa da bakinsa da ransa ya yi hidima.

Ya rasu a ranar 6 ga Disamba, wajen shekara ta 343, bai bar littafi ko rubutaccen wa'azi ba. Ayyukansa ne mutane suka riƙe. A shekara ta 1087 waɗansu matuƙa suka ɗauke ƙasusuwansa daga Mira zuwa Bari ta ƙasar Italiya, inda Katolika da Otodoks suke ziyara har yanzu. A Turai aka saba ba yara 'yan kyaututtuka a jajiberin ranarsa. Daga ƙarni na 16 waɗansu ƙasashe suka mai da al'adar zuwa Kirsimeti. Mutanen Holan suna kiransa Sinterklaas, daga wannan suna ne Amurkawa suka sami Santa Claus a ƙarni na 19. Da 'yan kasuwa suka karɓi hoton, sai bishof mai neman matalauci da dare ya koma alamar saye da sayarwa.

Ga tambayar da rayuwarsa take yi wa kowane gidan Kirista a Dutse, da Kiyawa, da Birnin Kudu, da Jahun. Disamba yakan zo da nauyi: ɗinkin sabon kaya, da takalma, da shinkafa, da kaji, da kuɗin mota zuwa gida. Waɗansu magidanta sukan ci bashi domin kada a raina su, su shiga Janairu ba kuɗin makaranta. Ba laifi ba ne yaro ya sa sabuwar riga ran Kirsimeti. Amma iyali suna iya zama tare tun farkon wata, uba da uwa da 'ya'ya, su yarda su rage kyautar da za su yi wa juna, su mai da ita hidima. Hunturu yana kaɗawa, akwai tsofaffi da almajirai da ba su da bargo. Akwai majinyata a asibitocin Dutse da ba mai kai masu abinci, da waɗanda suke bukatar jini. Akwai 'yan kurkuku da ba mai ziyartarsu, da gwauruwar da ɗakinta ya zube tun damina, da uban da auren 'yarsa ya tsaya saboda gado da katifa. Wanda ba shi da kuɗi yana da hannu: yara su ɗebo wa tsohuwa ruwa, samari su yi mata yaɓe.

Mun riga mun saba aika wa maƙwabtanmu Musulmi abinci ran Kirsimeti, su ma su aiko mana da Sallah. Sai mu ɗora a kan wannan zumunci, mu nemi mabukaci ba tare da tambayar addininsa ba. Mu kuma kiyaye ka'idar Waliyi Nikolas: ban da ɗaukar hoton wanda aka taimaka, ban da shelar sunansa a majami'a ko a Facebook. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, yaron da ya ga iyayensa suna yin haka kuwa ya sami gādon da ya fi riga daɗewa.

Waliyi Nikolas, ka yi addu'a dominmu. Allah ya ba mu idon ganin mabukata, ya kuma kai mu Kirsimeti lafiya. Amin.