Jean-François Millet, Mai Zanen Manoma (1814-1875)

An haifi Jean-François Millet ran 4 ga watan Oktoba na shekara ta 1814 a Gruchy, wani ɗan ƙauye na bakin teku cikin jihar Normandi, a ƙasar Faransa. Iyayensa manoma ne, shi kuwa ya san shuka da girbi tun kafin ya riƙe alƙalamin zane. A 1837 hukumar birnin Cherbourg ta ba shi kuɗin karatu, ya tafi Pari ya ƙaro sani.

A 1849, da annobar kwalara ta faɗa wa Pari, sai ya kwashe iyalinsa zuwa Barbizon, ƙauyen da ke bakin dajin Fontainebleau. A nan ya sami abin da zuciyarsa ke nema. Yakan fita saura ya lura da yadda manomi ke duƙawa, da yadda mace ke ɗaukar itace, sannan ya koma ɗaki ya zana. Wani lokaci kuma mutanen ƙauyen su tsaya masa cikin tufafinsu na aiki. Bai ƙawata su ba, bai kuma ɓoye gajiyarsu ba.

A 1857 ya nuna zanen mata uku suna kalar alkama bayan girbi. Can nesa ga tarin amfanin mai gona, ga kuma wakilinsa bisa doki. Masu hali na Pari ba su manta da juyin juya halin 1848 ba, saboda haka suka zarge shi da zuga talakawa. Zargin nan ya sake tashi a 1863, sa'ad da ya nuna wani manomi ya dogara ga hauyarsa don tsananin gajiya.

Millet ya daɗe cikin bashi da ƴaƴa tara a gida, sai a 1868 gwamnati ta ba shi lambar girma. Ya rasu a Barbizon ran 20 ga Janairu na 1875.

Zanensa mai suna L'Angélus, na miji da mata da suka dakata da tonon dankali don addu'ar maraice, an fara sayar da shi faran 1.000. A 1889 ya kai faran 553.000. Yau shi da zanen masu kala suna gidan tarihi na Orsay, a Pari, inda jama'a daga ko'ina ke zuwa kallon talakawan Barbizon.